Daga Fatura Zuwa Imel: Jagorar Rubuta Turancin Kasuwanci ga Bahaushen Jidda

A shekarata ta farko a ofishin kago na kawuna, nan wajen Bab Makka, na jawo mana asarar da har gobe in an tuna sai an yi mini dariya. Katan tamanin ne na dardumar salla da jallabiyoyi, na wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari, za a ɗora su a jirgi zuwa Kano. Na rubuta wa kamfanin da ke ɗaukar mana kaya imel, na sa ranar da muke so kamar haka: 06/05. Ni shida ga Mayu nake nufi. Wanda ya karɓi saƙon ɗan Filifin ne, su kuwa wata suke fara rubutawa kafin rana, irin na Amurka, sai ya ajiye mana gurbi a biyar ga Yuni. Ba mu farga ba sai da muka kai kaya aka ce babu sunanmu. Kusan sati biyu katan-katan na kwance a sito muna biyan haya, Hajiya na kira safe da yamma. Kawu bai yi faɗa ba. Dubana kawai ya yi ya ce, "Ɗana, ba kai aka ce ka yi boko ba?" Gara a ce marina ya yi.

Daga ranar na zauna na koyi abin nan daga tushe, kuma matakan da na bi su ne na ɗora ƙannena biyu a kai da suka shigo ofis. Na rubuta su ne don wanda yake iya karanta Turanci daidai gwargwado, ko daga gida ya zo da sakandarensa, ko haifaffen Makka ne da ya yi karatunsa da Larabci.

Takardun hukuma a ƙasar nan da Larabci suke, faturar haraji ma doka ta ce lallai a fitar da ita da Larabci ko da an haɗa da wani harshe. Amma masana'antar Guangzhou ta ƙasar Sin, da dillalin Dubai, da akanta ɗan Indiya, da kamfanin jirgin ruwa, duk da Turanci za ka yi magana da su. Yawancinsu kuma ba harshen iyayensu ba ne, kamar kai. Saboda haka dogon Turanci ba ya burge kowa a nan. Abin da mai karanta saƙonka yake nema shi ne wa zai yi me, yaushe, kuma nawa.

## Mataki na farko: tono naka kurakuran

Kada ka fara da shafin farko na littafin nahawu, za ka gaji kafin ka kai inda ke maka ciwo. Buɗe akwatin saƙonnin da ka aika, ka ciro guda ashirin na baya-bayan nan, ka buga su a takarda. Ka kuma ciro guda goma da banki ko babban kamfanin jirgi ya aiko maka, don nasu yakan bi ta hannun masu dubawa. Ka jera su gefe da gefe. Sayi ƙaramin littafi na riyal biyu, ka raba kowane shafi biyu: hagu abin da ka rubuta, dama yadda ya kamata. Za ka tarar kurakuranka ba su da yawa, 'yan ƙalilan ne suke ta dawowa, kuma kusan dukkansu Hausa ce ko Larabci ke leƙowa ta ƙarƙashin alƙalami.

## Mataki na biyu: ƙashin jimla

Mun yi sa'a, jerin jimlar Hausa da ta Turanci ɗaya ne: mai aiki, aikatau, sannan abin da aikin ya faɗa wa. Amma akwai rami guda a bakin ƙofa. Mu muna cewa "direba ya iso", wato suna ga shi, wakilinsa ga shi. Sai hannu ya rubuta *The driver he has arrived*. Turanci ɗaya yake ɗauka, ko sunan ko wakilin: *The driver has arrived*.

Wanda ya tashi da Larabci nasa ramin daban ne. Balarabe yana iya gina jimla ba aikatau, ya ce farashi mai tsada, shi ke nan. Sai yaro ya rubuta *The price high*. Jimlar Turanci ba ta tsayuwa sai da aikatau, ko da ɗan ƙaramin nan ne: *The price is high*. Ƙanena haifaffen unguwar Misfala a Makka sai da ya yi wata uku ina zagaye masa wannan gurbin da jan biro.

Sai harafin *s* da ke maƙale wa aikatau idan mai aikin tilo ne: *The shipment arrives*, amma *The shipments arrive*. Dabarar da nake koyarwa ita ce, a irin wannan jimla *s* ɗin guda ne, in yana jikin suna ba ya jikin aikatau. Ka kuma tuna mota da wasiƙa mata ne a Hausa, katan namiji, amma a Turanci dukkansu *it* ne.

Abu na ƙarshe a nan, jimla ɗaya magana ɗaya. Muna son jera zance da "sai" da "kuma", Larabawa na jera nasu da wawu, har layi biyar ba a numfasa ba. In jimlarka ta haura kalma ashirin, nemi inda za ka karya ta.

## Mataki na uku: lokacin aiki, inda kuɗi ke kwana

A nan za ka daɗe, kuma ya cancanta. Dubi jimlolin nan huɗu:

*We sent the payment on Monday.*
*We have sent the payment.*
*We are sending the payment.*
*We will send the payment on Monday.*

Biyun farko duk "mun tura" ne a Hausa, shi ya sa suke rikita mu. Rabe su ba wuya. In ka ambaci rana ko lokacin da aka yi abin, ta farko za ka ɗauka. In abin da kake son a sani shi ne an riga an yi, ba ruwanka da yaushe, ta biyu. Haɗa su, wato *We have sent it yesterday*, kuskure ne, kuma shi na fi gani a saƙonnin 'yan uwa.

Ta ukun ita ce mai haɗari. A kasuwa mutum na cewa "muna turawa" alhali ko banki bai nufa ba, kowa kuma ya san ma'anar. Mutumin Guangzhou da ya karanta *We are sending* zai ɗauka kuɗi na hanya, ya soma duba asusunsa gobe da safe. Kwana uku shiru, ka zama mara alkawari a idonsa. In ba ka tura ba, ta huɗu za ka rubuta, da rana a jikinta. Haka "ina zuwa" ɗinmu, wanda mai fita ke faɗa. Ka rubuta wa baƙo *I am coming*, zai tsaya a bakin ƙofa yana jiranka. Abin da kake nufi shi ne *I will be back in ten minutes*.

Insha Allah kuwa ba na hana kowa rubuta ta, ni ma ina sawa ga abokan hulɗa Musulmi. Sai dai ka sa rana kusa da ita. Baƙin da suka zauna a ƙasar nan sun ji "bukura insha Allah", wato gobe in Allah ya so, har sun daina ƙirga ta a matsayin alkawari.

Abin da kuka saba yi, wanda Hausa ke faɗa da "mukan", aikatau tsirara yake ɗauka: *We ship every Sunday*. Sannan akwai aikatau da ba sa karɓar *ing* a ma'anar mallaka ko sani. "Muna da katan hamsin" *We have fifty cartons* ne, ba *We are having* ba, ko da ka ji abokan aikinka 'yan Indiya na faɗa. Bayan *did* aikatau na komawa asalinsa: *We did not receive*, ba *received* ba. A jimlar sharaɗi, ɓangaren *if* ba ya ɗaukar *will*: *If you pay today, we will ship on Sunday*.

"Tun" ɗinmu kashi biyu ne a wurinsu. In farkon lokacin ka ambata, *since March*. In tsawonsa ne, *for three months*.

Akwai aikatau marasa bin ƙa'ida sama da ɗari, amma ɗan kasuwa kamar talatin yake juyawa kullum: *send, pay, buy, sell, bring, take, keep, lose, cost, hold, write, get* da 'yan uwansu. Rubuta siffofinsu uku a bangon littafinka, ka haddace su yadda ka haddace sarfu a makarantar dare.

## Mataki na huɗu: ƙananan kalmomi

*A* da *the* ba baƙi ba ne gare mu in an lura. "Wani katan ya fashe" shi ne *A carton was damaged*. "Katan ɗin ya fashe", wanda ni da kai muka sani, shi ne *The carton was damaged*. Matsalar ita ce Hausa na iya barin suna haka nan, Turanci kuwa ba ya barin tilon abin ƙirgawa ba komai a gabansa. *Please send invoice* ana ganewa, amma gurguwa ce.

Wasu sunaye ba sa jam'i ko kaɗan: *information, equipment, advice, furniture, luggage*. *Goods* kuma kullum jam'i ce, kamar yadda muke cewa "kaya sun iso". Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, yana sa harafin U a gaban sunan da ba a ƙirgawa, C a gaban wanda ake ƙirgawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ɗaya a waya.

*By* da *until* sun sha jefa mu a rigima. *Pay by Thursday* na nufin ka biya kafin Alhamis ta wuce. *The offer is valid until Thursday* na nufin tayin na nan har zuwa Alhamis. Na farko wa'adin abu ne da za a yi sau ɗaya, na biyu abu ne mai ci gaba. Aro ma haka: mai karɓa *borrow*, mai bayarwa *lend*, don haka *borrow me* babu ita. Jibi kuma ba *next tomorrow* ba ce, wannan a gida kawai ake gane ta. Rubuta sunan ranar ka huta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tambayar korewa. A ce maka, "Ba ka karɓi kayan ba?" Bahaushe zai ce, "E," ma'ana e, ban karɓa ba. A tambaye ka *Didn't you receive the goods?* ka ce *Yes*, ka shaida ka karɓa ke nan, a rubuce kuma. Maganinsa kada ka taɓa amsawa da kalma ɗaya. Cika jimla: *No, we did not receive them*. Kai ma kada ka yi wa wani tambaya a kore.

## Mataki na biyar: aya da waƙafi da sauransu

Fara da na ido. Alama tana manne da kalmar da ke gabanta, sannan a bar fili ɗaya. Duba madannan wayarka kafin ka buga, don waƙafin Larabci a kife yake, alamar tambayarsa kuma ta juya baya, in suka faɗo cikin Turanci nan take a san an yi gaggawa. Larabci ba shi da babban baƙi, saboda haka wanda ya taso da shi sai ya sa ido: farkon jimla, sunan mutum da gari da kamfani, ranaku, watanni, harsuna, da *I* a duk inda take. Rubuta saƙo gaba ɗaya da manyan baƙaƙe kuwa tsawa ce. Alamar motsin rai da ɗige-ɗigen zarce ka bar su can a hirar abokai.

Waƙafi ba ya iya riƙe cikakkun jimloli biyu. *We received the goods, two cartons are missing* kuskure ne. Ko ka sa aya a tsakani, ko ka ƙara *but* bayan waƙafin. Yana zuwa bayan ɓangaren sharaɗi in shi ya fara, da bayan kalmomi irin su *however*, da tsakanin abubuwan da aka jera.

Kan jerin nan akwai shari'ar da ta shahara. A jihar Maine ta Amurka, direbobin kamfanin madara na Oakhurst sun kai ƙara kan kuɗin aikin da ya wuce lokaci. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, ta ƙare da *packing for shipment or distribution*, ba waƙafi kafin *or*. Kamfani ya ce abu biyu ne, shirya kaya da kuma rarraba su. Direbobi suka ce abu ɗaya ne, shirya kaya domin aikawa ko rarrabawa, su kuwa ba sa shirya kaya, tuƙi suke yi. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce lafazin na ɗaukar fassara biyu, ta karkata ga direbobi, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Tun da na karanta wannan nake sa waƙafi kafin *and* ko *or* na ƙarshe a kowane jeri. Turawan Ingila da yawa ba sa sawa, ba kuma laifi ba ne, amma ni ban ga abin da zan rasa ba.

Ga wanda ya fi kusa da aljihunka. Kwatanta:

*We will refund the cartons that were damaged.*
*We will refund the cartons, which were damaged.*

A ta farko waɗanda suka lalace kawai za ka biya. A ta biyu ka ce katan ɗin duk sun lalace, kuma duk za ka biya. In uku ne suka jiƙe cikin tamanin, waƙafin nan ya ɗora maka saba'in da bakwai. Mafi aminci ma ka ambaci adadi: *the three damaged cartons*.

Ruwa biyu aikinsa buɗe ƙofa ga jeri ko bayani, kuma abin da ke gabansa ya zama cikakkiyar magana: *We need three documents: the invoice, the packing list, and the bill of lading.* Waƙafi mai ruwa kuwa shawarata ka ƙyale shi. Duk inda zai shiga, aya za ta iya.

Ɗan waƙafin sama, wanda muke sawa a "sa'a" da "'ya'ya", a Turanci aiki biyu yake yi: mallaka, da nuna an cire harafi. *The customer's goods* kayan mutum ɗaya ne, *the customers' goods* na mutane da yawa. Ba ya shiga jam'i haka kawai, don haka *carton's for sale* da kake gani a allunan shaguna kuskure ne. *It's* gajarcen *it is* ce, *its* ita ce ta mallaka. In ka yi shakka, warware ta ka karanta, in *it is* ta zauna daidai to da alamar.

Karan ɗori ƙarami ne amma yana awo. *Twenty five-kilo bags* buhu ashirin ne masu kilo biyar-biyar. *Twenty-five-kilo bags* buhuna ne masu kilo ashirin da biyar, ba a ma faɗi yawansu ba. Mai safarar dabino ya rubuta *20 bags of 5 kg each*, rigima ta ƙare.

## Mataki na shida: rana da adadi da kuɗi

Wata da haruffa ake rubuta shi, kullum: *6 May*, da shekara a cike. Ingila da Najeriya da Saudiyya rana suke farawa da ita, Amurka da Filifin wata, Sin shekara. In takardar ta shafi hukuma kuma da kwanan Hijira a jiki, ka rubuta duka biyun, ka ɗauko na Hijira daga kalandar Ummul Ƙura, wadda hukumar Saudiyya ke aiki da ita, kada ka lissafa da ka. Ka riƙa haɗawa da sunan ranar, don in lamba ta kuskure ranar za ta tona.

Ka tuna wa abokin hulɗarka cewa hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi ranar aiki ce. "Kwana uku na aiki" a Jidda da a Istanbul ba rana ɗaya suke ƙarewa ba. Agogonmu na gaban na Najeriya da awa biyu, na Sin na gabanmu da awa biyar, saboda haka in ka sa lokaci ka ce *Jeddah time*.

A Turanci waƙafi ke raba dubbai, aya ke raba riyal da halala: 1,500.75. A Turkiyya da Jamus akasin haka ne, 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce. Ɗan Indiya kuma zai rubuta dubu ɗari kamar 1,00,000, ba kuskure ya yi ba, tsarinsu ne. Lambobin Larabci ma kada su shiga saƙon Turanci, don biyar ɗinsu kamar sifili take, sifilin kuma ɗigo ne. Babban kuɗi ka rubuta shi da lamba da kuma haruffa, musamman *fifteen* da *fifty* da ke kama a waya.

Kowane adadi da sunan kuɗinsa: SAR riyal, USD dala, NGN naira. Riyal na ɗaure da dala a kan 3.75, ba ya motsi, amma naira na motsi, don haka farashin naira sai da wa'adi. Harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020, kuma kalma ɗaya ce ke nuna wa zai ɗauke shi: *including VAT* ko *excluding VAT*. A cinikin riyal 40,000 bambancin 6,000 ne. Haka FOB da CIF: a na farko mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar kaya sun hau jirgi a tasharsu, kuɗin dako naka ne, a na biyu ya biya dako da inshora har tashar da aka ambata. Kada ka rubuta ɗayansu ba sunan tasha a gaba.

## Mataki na bakwai: jikin saƙon

Kan saƙo ya faɗi abin da ke ciki, da lambar fatura ko ta oda. *Urgent* kaɗai ba kan saƙo ba ne. Gaisuwa layi ɗaya. *Mr* da sunan dangi ake haɗawa a al'adar Turawa, Larabawa sukan haɗa da sunan yanka, Sinawa kuma sunan dangi suke farawa da shi, don haka duba yadda mutum ya sa hannu ka bi shi. Ga mace *Ms* ta wadatar. Buƙatarka ta zo a jimlar farko ko ta biyu:

*Dear Sir,*
*Thank you for your quotation. We would like to order 200 prayer mats at USD 4.50 each, CIF Jeddah. Could you please send the proforma invoice by Tuesday, 9 September? We will pay the deposit within three working days of receiving it.*
*Kind regards,*

Ka lura babu kalmar da ɗan aji uku na sakandare bai sani ba. Salon nan na wasiƙar neman aiki da aka koya mana a gida, mai *I humbly beg* da *with utmost respect*, ka ajiye shi. Ban da tsufa, yana kama da wasiƙun 'yan damfara, kuma duk mai lambar Najeriya a takardarsa ya san ba ya bukatar ƙarin zargi. A ɗaya gefen kuma *Send me* da *I want* umarni ne tsagwaronsa. *Could you please* da *We would like* su ne "don Allah" ɗinsu.

Bin bashi shi ne inda kunya ke kama mu, mu yi ta zagaye har mai karatu ya kasa gane kuɗi ake nema. Hawa uku nake yi. Na farko tunatarwa: *This is a reminder that invoice 214 was due on 1 March.* Bayan sati, tambaya kai tsaye: *Please confirm the payment date.* Na uku ya faɗi abin da zai biyo baya: *We will hold further shipments until payment is received.* Babu zagi, babu "ka ji tsoron Allah". Wannan ka bari sai kun haɗu.

## Mataki na takwas: dubawa, da ɗan aikin kullum

Adireshin mai karɓa shi ne abu na ƙarshe da za ka sa, don kada yatsa ya riga ka. Karanta sau biyu. Na farko da murya, inda numfashinka ya yanke akwai aya da ta ɓace. Na biyu lambobi kawai, kana kwatanta su da fatura, sannan ka tabbata takardar da ka ce ka maƙala tana nan.

Jan layin kwamfuta ba ya kama kalmar da take daidai a inda ba nata ba: *form* da *from*, *price* da *prize*, *lose* da *loose*, *quite* da *quiet*. Mu kuma muna da namu na gado. Bahaushe na musanya *p* da *f*, Balarabe na musanya *p* da *b*, Bahaushen Jidda ya haɗa biyun. Na taɓa ganin an nemi *coffee* na fasfo a madadin *copy*, an kuma ce a yi wa kaya *back* ana nufin *pack*. Zaɓi rubutun Ingila ko na Amurka ka tsaya a kai, *cheque* ko *check*, kada ka gauraya.

Manhajojin fassara da na gyaran rubutu suna da amfani, ni ma ina leƙawa. Amma rubuta naka tukuna, sannan ka kwatanta, abin da suka gyara ka shigar a littafin kurakurai. Kada ka zuba musu lambar igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ko ta asusun mutane, kuma ka sake duba adadi bayan sun gama, don sukan sassauta jimlar da kake so da ƙarfi.

Minti ashirin bayan asuba sun fi awa uku ranar Juma'a. Littafin Raymond Murphy mai suna English Grammar in Use ya dace da wannan, don kowane darasi shafi biyu ne, bayani a hagu, gwaji a dama. Kada ka bi shi a jere, je ka darasin da littafin kurakuranka ya nuna. Sannan kowace rana ka ɗauki saƙo ɗaya na jiya ka sake rubuta shi da rabin kalmominsa.

Duk abin da aka yanke a waya ko a saƙon murya, ka bi shi da layi uku a rubuce kafin ka tashi daga kujera: *As agreed by phone today*, sai adadi, farashi, da rana. Kawu har yanzu shi ke shifta mini irin waɗannan. Zai jingina da buhun dabino ya fara daga gaisuwa, da tambayar iyali, da addu'ar Allah ya bar zumunci, ya yi minti biyar kafin ya zo kan katan. In na karanta masa layi huɗun da na fitar, sai ya ce, "To ina gaisuwar?" In nuna masa *I hope you are well*. Ya girgiza kai ya ce Turawa ba su iya gaisuwa ba, sannan ya sa in maimaita masa ranar, da sunan watan, kafin ya ce in tura.